Ciwon suga da ƙwayar cutar gyambon ciki: me ya sa magani yake ƙin ci?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 54, kuma shekara tara ke nan da aka gano ina da ciwon suga. Ina shan metfomin da glibenklamaid, da ƙaramin asfirin da aka ɗora ni a kai saboda zuciya. Bara na yi fama da ƙwannafi da cushewar ciki, aka auna bayan gida aka ce ina da ƙwayar cutar H. pylori. Na sha haɗin magani na mako guda, bayan wata biyu aka sake aunawa aka tarar tana nan. Maƙwabciyata da muka sha magani iri ɗaya ta rabu da ita. Shin sugan ne ya jawo mini ƙwayar, ko shi ne ya hana maganin aiki? Kuma da gaske ne tana kawo ciwon daji?

Amsa: Hajiya, zan fara da ɓangaren tambayarki da ya fi sauƙi. Ba sugan ne ya kawo miki wannan ƙwayar cuta ba. Kusan tabbas tun kina yarinya ƙarama take zaune a tumbinki, shekaru aru-aru kafin a fara maganar suga a jikinki. Galibi a cikin gida ake ɗaukar ta, daga uwa ko yayye, ta hanyar yawu da amai da hannun da ba a wanke ba da ruwan sha da ya gurɓata, kuma idan ta shiga ba ta fita da kanta. Wani likita mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya auna jinin jama'a, ya wallafa sakamakon a 1992, inda ya tarar kusan kashi 85 cikin 100 suna ɗauke da alamarta, yawancinsu kuma sun kamu tun kafin su kai shekara goma. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara alƙaluman ƙasashen duniya ya sa Nijeriya a sahun gaba da kusan kashi 88 cikin 100. Da za a auna matan layinku baki ɗaya, masu suga da marasa suga, da yawancinsu an same su da ita. Hannun suga a wannan lamari yana wani wurin ne: yana sa korar ƙwayar ta yi wuya, yana dusashe alamun da ya kamata su ankarar da ke, yana kuma ƙara nauyin ɓarnar da take yi idan tafiya ta yi nisa.

Kafin 1982 likitoci sun ɗauka babu wata ƙwayar cuta da za ta iya rayuwa a cikin asid ɗin tumbi, sai da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna akasin haka. Marshall har ya kurɓi ruwan da aka rayar da ƙwayar a ciki a 1984 don ya gamsar da masu musu, kuma an ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Dabarar ƙwayar ita ce kutsawa ƙarƙashin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, sannan ta fitar da wani sinadari da yake juya yuriya ta koma amoniya, amoniyar kuma ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Garkuwar jiki takan turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su kasa fitar da ita, su kuma ƙi janyewa, sai bangon tumbi ya zauna cikin kumburi na shekara da shekaru. Duk wanda yake ɗauke da ita yana da wannan kumburin, amma mafi yawa ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Kimanin mutum ɗaya cikin goma ne yake samun gyambon ciki, wato olsa, sannan ɗaya zuwa uku cikin ɗari suke kaiwa ga ciwon dajin tumbi.

Game da abin da ya raba ki da maƙwabciyarki kuwa, an daɗe da lura da shi. A wani bincike da aka yi a Turkiyya aka wallafa a 2003, an ba masu suga da marasa suga haɗin magani iri ɗaya, sai ƙwayar ta mutu a kashi 85 cikin 100 na marasa suga, a masu suga kuwa kashi 50 kacal. Likitoci a Italiya sun ga irin wannan giɓi a masu suga nau'i na ɗaya, suka kuma lura cewa ƙwayar ta fi saurin dawo musu bayan an kore ta. Da aka haɗa bincike-bincike da dama wuri guda a 2014, sai aka ga haɗarin faɗuwar magani a mai suga ya ninka na wanda ba shi da shi kimanin sau biyu. Ba kowane bincike ne ya sami giɓi mai faɗin haka ba, musamman inda aka yi amfani da haɗin magani mai ƙarfi na tsawon mako biyu, kuma wannan ma darasi ne a gare ki.

Dalilan da ake dangantawa da wannan suna da yawa, kuma a jikin mutum ɗaya sukan taru. Maganin da kika haɗiya ba ya kashe ƙwayar don kawai ya ratsa ta kanta a kan hanyarsa ta wucewa. Kaso mai yawa nasa sai ya shiga jini, jini ya dawo da shi bangon tumbi ta ƙananan hanyoyinsa. Waɗannan ƙananan hanyoyin jini su ne suga yake lalatawa a ido da ƙoda da ƙafa, kuma bai bar na tumbi ba, don haka maganin da yake isa wurin yakan gaza abin da ake buƙata. Idan suga ya hau, fararen ƙwayoyin jini sukan yi nauyin jiki wajen isa inda cuta take da haɗiye ta, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta yana dogara da taimakonsu wajen ƙarasa ragowar. Idan akwai ƙiba, adadin magani ɗaya yakan watsu a jiki mai faɗi ya yi rauni. A ɗakin gwaji ma an ga cewa ƙwayar tana ƙara yaɗo da manne wa ƙwayoyin bangon tumbi idan aka ƙara yawan sukari a ruwan da take ciki.

Amma a abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, dalilin da ya fi kowanne nauyi a ƙasarmu shi ne tarihin magungunan da mutum ya sha a baya. Mai suga ya fi kowa yawan ciwon sanyin mafitsara da maruru da gyambon ƙafa da ciwon haƙori, kuma kowanne daga cikinsu yana zuwa da nasa maganin. Duk lokacin da kika sha Flagyl saboda gudawa, ko wani magani dangin eritromaisin saboda tari, ƙwayar da ke tumbinki tana samun ɗan rabonta, wanda bai isa ya kashe ta ba amma ya isa ya koya mata yadda za ta jure. A Afirka jure wa metronidazol, wato Flagyl, ya yi yawa ƙwarai, domin magani ne da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba da zarar ciki ya murɗa. Jure wa klaritromaisin, wanda dangin eritromaisin ne, ma yana ta ƙaruwa a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin matsalolin da ke buƙatar sabbin magunguna a 2017. Ƙari a kan haka, mako guda kika sha. Ƙa'idar da masana suke bi yanzu kwana 14 ce, kuma ni ban ga hujjar ba mai suga na kwana bakwai ba. Ina ganin nan ne aka fara kuskure, tun kafin a zo kan sugan kansa.

Akwai wani abu da ya kamata ki rarrabe, domin yana rikita masu suga da likitocinsu. Ba duk cushewar ciki ce ta H. pylori ba. Suga da ya daɗe yana lalata jijiyar da take ba tumbi umarnin matsa abinci ya tura shi hanji, sai abinci ya yi ta zama a ciki, mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, ya yi ta gyatsa, wani lokaci ya yi aman tuwon da ya ci tun jiya da dare. Ko ba a kai ga lalacewar jijiya ba, hawan suga na lokaci ɗaya kaɗai yana rage saurin tumbi. Metfomin shi ma yana kawo tashin zuciya da gudawa da iska, musamman idan an sha shi ciki ba komai, haka nan sabbin alluran suga da ake yi mako-mako, waɗanda rage saurin tumbi yana cikin hanyoyin aikinsu. Ko a marasa suga, idan babu gyambo, kimanin mutum ɗaya cikin goma ne kawai ciwon cikinsa yake tafiya saboda an kashe ƙwayar. Ma'anar wannan ita ce, idan aka gama magani kika ci gaba da jin cushewa, wannan bai nuna ƙwayar tana nan ba, kuma idan kika ji sauƙi, wannan bai nuna ta mutu ba. Gwaji ne kaɗai yake raba gardama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki shi ne asfirin. H. pylori tana raunana bangon tumbi ta hanyarta, asfirin da danginsa suna raunana shi ta tasu hanyar, idan suka haɗu kuma haɗarin gyambo da zubar jini yakan zarce na kowannensu shi kaɗai. Sai suga ya zo ya ɗora abu na uku: jijiyoyin da suke kai saƙon zafi daga ciki sukan dushe, kamar yadda na ƙafa suke dushewa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Gyambo zai iya girma a tumbin mai suga babu wani ciwo na a zo a gani, farkon sanarwarsa sai jiri da faɗuwa. Na taɓa karɓar wani dattijo, tela ne, da ya shekara goma sha biyar da suga, aka kawo shi ranga-ranga bayan ya yanke jiki ya faɗi a gaban kekensa. Idonsa fari fat, tafin hannunsa kamar takarda. Da na tambaye shi ciwon ciki sai ya ce shi dai bayansa ne yake damunsa, shi ya sa kullum da yamma yake aika yaro kemis a haɗo masa maganin ciwon jiki, a ƙulle a leda, ƙwaya biyar ko shida masu launi daban-daban. Sai ɗansa ne ya ce kwana huɗu ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. A cikin ledar akwai diklofenak da ibuprofen, kuma da aka leƙa tumbinsa da na'ura an tarar da gyambo yana tsattsafar jini. Wani bincike a Danmak da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa idan gyambo ya yi jini ko ya huda, masu suga sun fi marasa suga mutuwa a cikin kwana 30 na farko.

Ba ina cewa ki daina asfirin da kanki ba. Idan kin taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko an sa miki ƙarfe a jijiyar zuciya, daina shi ya fi ci gaba da shi haɗari. Idan kuwa an ɗora ki a kai ne don rigakafi kawai, to ya dace likitanki ya sake auna amfaninsa da illarsa. Ko ta yaya, kasancewar kina shan sa ƙarin dalili ne na dagewa sai an kashe ƙwayar, domin wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2022 ya nuna cewa kashe ta a masu shan asfirin 'yan shekara 60 zuwa sama ya rage zubar jinin gyambo a shekarun farko bayan magani. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da piroksikam kuwa ki nisance su. Farasitamol ya fi miki aminci. Idan kika ga bayan gida baƙi mai danƙo da wari na daban, ko aman jini ko mai kama da garin gahawa, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ki tafi asibiti a ranar. Ki kuma riƙe wannan: a mai suga, musamman mace, bugun zuciya yakan zo da kamannin olsa, wato zafi a ƙahon zuci da tashin zuciya da gumi, ba tare da ciwon ƙirjin da aka sani ba. Haka nan ciwon ciki da amai tare da suga mai tsananin hawa da numfashi sama-sama alama ce ta gubar da take taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci. Ko ɗaya daga cikin biyun ba a jiran gari ya waye da shi.

Akwai kuma tarkon abinci, wanda kusan duk mai suga da aka ce yana da olsa yake faɗawa. Da zarar labari ya bazu a gida, sai shawara ta yi ta zuwa: kada ki bari cikinki ya zauna da yunwa, ki riƙa shan madara, ki lashi zuma da safe, ki ajiye biskit a jaka, ki sha kunu kafin ki kwanta. Wata baiwar Allah da nake dubawa ta dawo bayan wata uku sugarta ya haura 300 a na'ura, alhali a da yana zama tsakanin 130 da 150. Da muka bi diddigi sai ta ce shayi mai kauri da madarar gwangwani take sha sau uku a rana don ta kwantar da zafin, da cokali biyu na zuma kafin karin kumallo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya kuma ta sa tumbi ya ƙara zubo asid, zuma kuwa duk albarkar da ke cikinta sukari ce a jinin mai suga, kuma ba ta kashe ƙwayar da ke ɓoye ƙarƙashin yauƙin tumbi. Jiƙon kanwa da wasu suke sha don ƙwannafi yana ɗauke da gishiri mai yawa, wanda bai dace da mai hawan jini ko mai raunin ƙoda ba. Cin abinci kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, har yana taimaka wa tumbin da ya yi nauyi, amma a raba abincin yini ne gida huɗu ko biyar, ba a ƙara wani a kansa ba.

Lokacin shan maganin ƙwayar shi kansa yana da nasa haɗarin a gare ki, kuma ina mamakin yadda ba a cika gargaɗin masu suga a kai ba. Klaritromaisin, wanda yake cikin yawancin haɗin da ake sayarwa, yana ƙara ƙarfin glibenklamaid a jini. Ki haɗa wannan da ɗacin baki da tashin zuciyar da maganin yake kawowa har mutum ya rage cin abinci, sai suga ya faɗi warwas, da rawar jiki da gumi da ruɗewa, wani lokaci cikin dare. Levofloksasin, wanda ake yawan komawa gare shi idan na farko ya faɗi, shi ma yana iya saukar da suga ko ya hau da shi. Don haka a kwanakin nan 14 ki riƙa auna suga aƙalla safe da dare, ki ajiye sukari kusa da gado, idan ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ki narka ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ki sha, ki sake aunawa bayan minti 15. Likitanki zai iya rage miki glibenklamaid na waɗannan kwanaki. Idan kina shan maganin rage kitsen jini irin simbastatin ko atobastatin, ko maganin hawan jini amlodipin, ki faɗa masa, domin klaritromaisin yana tara su a jiki, na kitsen jinin ya kawo ciwon tsoka mai tsanani, amlodipin kuma ya saukar da hawan jini fiye da kima. Idan kuma amai ko gudawa suka yi yawa har kika kasa riƙe ruwa, ana dakatar da metfomin sai kin farfaɗo, saboda ƙoda.

Wani wurin da cututtukan biyu suke haɗa kai ba tare da an ankara ba shi ne jini. H. pylori idan ta daɗe tana sa bangon tumbi ya yi siriri, asid ya ragu, jiki ya kasa tsotsar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 yadda ya kamata. Metfomin na shekaru yana rage B12, magungunan rage asid irin omeprazol da danginsa na dogon lokaci su ma haka. Ke kina da biyu daga cikin ukun tabbas, wataƙila duka ukun. Ƙarancin B12 yana kawo jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, da mutuwar yatsu, da mantuwa, alamun da kowa zai ce ai sugan ne, a yi ta ƙara maganin jijiya alhali allurar bitamin ce ake buƙata, kuma idan aka yi jinkiri ɓarnar ba ta gyaruwa duka. Ƙarancin ƙarfe kuwa, ban da kasala da haki, yana iya ɗaga sakamakon gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na wata uku, ya nuna sama da gaskiya, a ƙara miki magani ba bisa ƙa'ida ba. Bayan shekara tara a kan metfomin, ya dace a auna miki yawan jini da B12 ko da ba ki da wani ƙorafi.

Batun ciwon daji gaskiya ne, amma a sa shi a ma'auninsa. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Abin ba ya faruwa dare ɗaya: kumburi ne yake komawa sirancewar bango, ƙwayoyin bangon su rikiɗe su yi kama da na hanji, daga nan wasu su lalace, kuma wannan tafiya ce ta shekaru gommai. A garin Hisayama na Japan an bi mutum kusan 2,600 tsawon shekara 14, aka wallafa sakamakon a 2009, inda aka ga cewa waɗanda suka haɗa ƙwayar da HbA1c na 6 zuwa sama sun fi kowane rukuni kamuwa da dajin tumbi. A Hong Kong kuma an bi mutum fiye da 46,000 da aka riga aka ba su maganin ƙwayar, aka wallafa a 2019, sai aka tarar haɗarin masu suga ya ɗara na sauran da kusan kashi 70 cikin 100, kuma ƙarin ya fi bayyana a waɗanda sugansu bai daidaita ba. Ana danganta hakan da yawan insulin a jini, wanda yake zaburar da ƙwayoyin jiki su yi ta rarrabuwa, da kuma lahanin da yawan sukari yake yi wa ƙwayoyin gado a wurin da dama kumburi ya riga ya raunana.

Duk da haka, a cikin mutanen Hong Kong ɗin nan baki ɗaya, kimanin ɗaya cikin 300 ne ya kamu a tsawon kusan shekara bakwai, kuma yankin gabashin Asiya ya fi namu yawan wannan ciwo nesa ba kusa ba. Holcombe ɗin da na ambata shi ne ya ja hankalin duniya ga cewa ƙwayar ta cika Afirka amma dajin tumbi bai kai yadda ake zato ba, ko da yake wasu masana suna ganin ƙarancin na'urar leƙa ciki da ƙarancin rajistar masu ciwon daji sun ɓoye wani ɓangare na lamarin. Akwai kuma abin da zai kwantar miki da hankali: masu binciken Hong Kong sun lura cewa masu suga da suke shan metfomin haɗarinsu ya kusan zama rabin na waɗanda ba sa sha. Lura ce aka yi, ba gwajin da aka raba mutane gida biyu ba, don haka ba za a ce metfomin rigakafin daji ne ba, amma ya isa dalilin da zai hana ki yar da shi don ɗan tashin zuciya. Rage gishiri da dunƙulen miya ma yana da amfani a nan, domin gishiri mai yawa yana ƙara wa ƙwayar ƙarfin ɓarna.

Wasu sukan juya tambayar su ce ko ƙwayar ce take kawo suga. An yi wani bincike a kan tsofaffi a Kalifoniya ta Amurka a 2012 da ya sami ƙarin kamuwa da suga a masu ɗauke da ita, wasu bincike kuma ba su sami haka ba, kuma kashe ta bai nuna yana saukar da suga ta yadda za a dogara da shi ba. Kada ki sa rai cewa idan ta mutu za ki rage magungunanki. Hasali ma wasu sukan ƙara ƙiba bayan magani, domin ciki ya lafa, cin abinci ya buɗe.

Matakin da ya rage yanzu shi ne zagaye na biyu, kuma ba a maimaita haɗin da ya faɗi. Wanda masana suka fi ba ƙarfi shi ne mai magani huɗu na kwana 14: maganin rage asid sau biyu a rana, da bismut, da tetrasaikilin, da metronidazol da cikakken adadi, domin a cikin wannan haɗin yakan ci ko da ƙwayar ta saba da shi. Kafin a fara, a auna ƙodarki, saboda bismut da tetrasaikilin ba su dace da ƙoda mai rauni ba. Maganin rage asid ana shan sa rabin awa kafin abinci, kuma ba don rage zafi kawai aka sa shi ba, sai don sauran magungunan ba sa aiki sosai a cikin asid mai kaifi. Tetrasaikilin ba ya shiga jini yadda ya kamata idan ya haɗu da madara ko nono ko kindirmo ko maganin ƙarin jini ko farin ruwan maganin ƙwannafi, don haka a raba su da aƙalla awa biyu. Bismut yana baƙanta harshe da bayan gida, wannan ba jini ba ne. Na jini yana da danƙo da wari, kuma yakan zo da jiri. Idan da hali, ki yi makonni kina daidaita suga kafin a fara, kuma kada ki fara a cikin azumi, domin magani ne na sau uku zuwa huɗu a yini da ba ya shiga tsakanin buɗa baki da sahur.

A shekarunki, da asfirin a jiki, da magani da ya riga ya faɗi sau ɗaya, ni zan so a leƙa tumbinki da na'ura, a ga ko akwai gyambo, a kuma ɗebi ɗan nama a duba ko bango ya fara sirancewa. Idan ya fara, to ko bayan an kashe ƙwayar za a riƙa bibiyarki. A gaya wa masu aikin cewa kina da suga don su sa ki a farkon layi da safe, su kuma faɗa miki yadda za ki yi da glibenklamaid a ranar, tun da za ki kwana ba ki ci ba. Bayan an gama magani, wajibi ne a sake gwaji, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba. Gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi, aƙalla mako huɗu bayan ƙwayar magani ta ƙarshe, kuma sai kin yi mako biyu ba ki sha omeprazol ko danginsa ba, domin suna kwantar da ƙwayar ta ɓuya, sakamako ya fito babu alhali tana nan. Idan wani ɗakin gwaji ya ce zai ɗebi jini ya duba ko ta mutu, kada ki biya kuɗin: gwajin jini tabon da ta bari a garkuwar jiki yake gani, kuma tabon yakan ci gaba da fitowa watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta tafi.